Fitilar Iyabag da Ran Fasinja a Hanyoyin Arewacin Zamfara

Duk motar da aka ƙera da jakar iska, wadda direbobi da masu wayarin ke kira iyabag, tana da wata 'yar fitila a dashbod mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, a wasu motocin kuma haruffa uku ne kawai, SRS. Da an murɗa makulli sai ta kama, ta yi kamar sakan shida, sannan ta mutu da kanta. A cikin wannan ɗan lokaci wani ƙaramin akwati da ke ɗaure a ƙasan mota, kusa da sandar giya, ya bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya ya gwada su. Mutuwar fitilar ita ce shaidarsa cewa lafiya lau. In ta ƙi mutuwa, akwai ciwo a wani wuri. In kuwa ba ta kama ba ko kaɗan, to ko ƙwanta ne ya mutu ko hannu ya taɓa ta. Wanda ya saba shiga motar haya daga tashar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, ko daga Birnin Tsaba zuwa Zurmi, ya riƙa leƙa dashbod idan direba zai tayar da mota, zai ga yadda muke ɗaukar wannan shaida da wasa.

Abin ya fi nauyi a wannan yanki fiye da wurare da yawa. Hanyar da ta taso daga Gusau ta bi ta Ƙaura zuwa Shinkafi har Isa da Sabon Birni, da wadda ta ratse ta Zurmi ta nufi Jibiya, hanyoyi ne da matsalar 'yan bindiga ta sauya wa direbobi hali a kansu. Direba yana gudu ne don ya wuce daji kafin yamma, kuma ba wanda zai ce masa ya sassauta, domin fasinjojin ma zuciyarsu na kan abin da ke cikin daji fiye da abin da ke kan kwalta. Ga ramuka, ga lodi, ga tsufan taya. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, wanda ya bugu a kai ko a ƙirji sai an kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, wani lokaci ma sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Inda asibiti ya yi nisa, abin da ya faru a cikin motar a lokacin karon shi ne kusan komai. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna an rasa fiye da mutum 5,000 a hanyoyin Nijeriya a 2023, haka ma a 2024, ban da waɗanda labarinsu bai kai ofis ba.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowane sakan. In ta daki bishiya, motar ce ta tsaya, mutumin da ke ciki bai tsaya ba, yana nan tafe da gudunsa har sai wani abu ya tare shi, ko bel, ko jaka, ko sitiyari da gilashi. Karon gaba ɗaya yana ƙarewa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan, kafin a gama ƙifta ido. Dole jakar ta riga mutum isa wurin, ta cika, ta fara saki. Saboda haka lokacin da na'ura ke da shi na yanke shawara bai wuce milisakan 15 zuwa 30 ba a karon gaba, wato kashi 15 zuwa 30 cikin dubu na sakan. A karon gefe ya fi haka ƙanƙanta, don babu komai tsakanin mutum da motar da ta dake shi sai ƙofa.

Wannan gaggawa ce ta jinkirta iyabag shekaru masu yawa. Tun 1953 wani Ba'amurke, John Hetrick, ya samu rajistar ƙirƙirar jakar, a daidai lokacin da Walter Linderer ya samu tasa a Jamus, amma iskar da aka matse a tulu ba ta da saurin da ake bukata, kuma babu abin da zai gane karo a kan kari. A ƙarshen shekarun 1960 Allen Breed ya fito da dabarar da ta buɗe hanya: ƙwallon ƙarfe a cikin bututu, maganaɗisu na riƙe da shi. In mota ta tsaya da ƙarfi sai ƙwallon ya ƙwace ya gangara gaba, ya haɗa bakin wayoyi biyu, wuta ta wuce. General Motors ta sayar da motoci masu jakar a tsakiyar shekarun 1970, Mercedes-Benz ta sa ta a babbar motarta a 1981 tare da na'urar ɗame bel. Babban sauyi ya zo a 1993 lokacin da kamfanin Analog Devices ya fara fitar da sansa mai suna ADXL50, wadda aka sassaƙa a kan ɗan guntun silikon. A cikinta akwai wani ɗan nauyi da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, yana rataye tsakanin siraran yatsu. In mota ta rage gudu farat ɗaya, nauyin yakan gusa kaɗan, tazarar da ke tsakanin yatsun ta sauya, wannan sauyi kuma ya zama lamba da kwamfuta za ta karanta. Da wannan ne farashi ya sauko har jakar ta shiga ƙananan motoci. Amurka ta wajabta jaka biyu a gaban kowace sabuwar ƙaramar mota daga Satumban 1997. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba ta da ita, Golf 2 ma haka, amma Golf 3 da yawa, da Sharon, da Corolla da Accord ɗin da suka cika garejojinmu, da ita aka haife su.

Aikin akwatin ba jin bugu kawai ba ne, rarrabe bugu ne. Rami ma bugu ne, kuma wani ramin na hanyar Zurmi ya fi ƙaramin karo girgiza mota. Bambancin shi ne bugun rami yana da kaifi amma gajere ne, kuma ba ya rage gudun motar da wani abin kirki. Karo kuwa yana ci gaba da cinye gudun milisakan bayan milisakan. Kwamfutar tana karanta sansa sau dubbai a sakan, tana tara yawan gudun da ya salwanta, tana gwada shi da ma'aunin da masu ƙera motar suka zuba mata bayan sun fasa motoci da yawa a ɗakin gwaji. A motocin baya-bayan nan akwai ƙarin sansa a hancin mota da cikin ƙofofi, akwai mai sanin ko an ɗaura bel, akwai mai auna nauyin wanda ke kujerar gaba. Galibi jakar gaba kan fito idan karon ya kai kwatankwacin dukan katangar siminti da gudun kilomita 15 zuwa 25 a awa. Wannan ya amsa ƙorafin da ake yawan ji a tasha, cewa wane ya yi haɗari amma iyabag bai fito ba. In taya ce ta fashe mota ta wuntsila, ko an dake ta ta baya, jakar sitiyari ba ta da aikin yi, kuma fitowarta ba za ta amfani kowa ba. A irin wannan haɗari bel ne babban abin da ke hana mota jefar da mutum waje.

Idan kwamfutar ta gamsu, sai maganar kunnawa, kuma nan ne hikimar ta fi yawa. A bayan kowace jaka akwai tukunyar ƙarfe mai ɗauke da sinadari, a bakinta akwai wata siririyar waya da turjiyarta ba ta wuce om 2 ba. In aka tura mata wuta kamar amfiya ɗaya da ɗan ɗori na milisakan biyu, sai ta yi zafi ta kunna sinadarin, iskar naitirojin ta fito ta cika jakar da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Abu mai irin wannan ƙarfi, da ke tazarar hannu ɗaya daga fuskar direba, bai kamata ya tashi da kuskure ba, bai kuma kamata ya ƙi tashi ranar da ake nemansa ba. Don haka aka sa makunnai biyu a kan layin, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, sai dukkansu sun rufe wuta za ta bi. In waya ta goge ta taɓa jikin mota, ko ta taɓa layin batir, makunni ɗaya bai isa ya tayar da jakar ba. Sannan akwai wata sansa ta daban da ba ta ƙarƙashin babbar kwamfutar, ita ma sai ta yarda cewa an yi karo. Akwatin yana aiki ne kamar alƙalin da ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, sai dai shi zamansa duka bai kai ƙiftawar ido ba.

An kuma yi tanadin abin da zai faru in batir ne ya fara fashewa, tunda a hancin mota yake zaune. A cikin akwatin akwai kafasita mai tara wuta, wadda za ta riƙe na'urar na ɗan lokacin da zai ishe ta kunna jakunkuna da na'urar ɗame bel ko da an yanke ta daga batir. Wannan ne dalilin da ya sa ake ce wa mai wayarin ya cire kan batir ya jira 'yan mintoci kafin ya taɓa wayoyin nan masu ruwan ɗorawa. A cikin soket ɗinsu ma akwai ɗan ƙarfe da ke haɗe bakin wayoyin biyu da zarar an zare, don kada wutar da jikin mutum ke tarawa lokacin hunturu ta tayar da jakar a hannunsa. A bayan sitiyari kuma akwai wata faffaɗar waya a nannaɗe, mai ba sitiyarin damar juyawa ba tare da layin ya tsinke ba. Ita ce ta fi saurin lalacewa a tsofaffin motoci, musamman in an cire sitiyari an mayar ba a saita ta a tsakiya ba, kuma alamarta sau da yawa ita ce ham ya daina kuka a daidai lokacin da fitilar ta kama. Duk tsawon tafiya akwatin yana tura wata 'yar wuta da ba ta isa kunna komai ba, yana auna kowane layi. Da ya ga turjiyar ta hau ko ta sauka, sai ya kunna fitila.

Wanda yake ganin waɗannan ƙananan abubuwa ne ya tuna da abin da ya sami General Motors a 2014. Makunnin makullin wasu motocinta yana da sanyin riƙo, nauyin tarin makullai ko girgizar hanya kan juya shi mota na cikin tafiya, injin ya mutu, wutar iyabag ta ɗauke. An janye motoci kusan miliyan 2.6, kuma asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124. Jakunkunan lafiyarsu ƙalau, wuta ce kawai ba ta isa gare su ba.

To mu a nan me muke yi da wannan tsari? Yawancin motocinmu na hannu ne, sun shigo ta Legas ko ta Kwatano, a da ma ta Maraɗi da Jibiya kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Da yawa cikin na Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora aka saye su, bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta cinye su. Sayen irin wannan mota a gyara ba laifi ba ne. Laifin yana cikin yadda ake gyaran. Jaka ba a amfani da ita sau biyu, na'urar ɗame bel ma haka, kuma akwatin kansa yakan rubuta labarin karon ya kulle. Gyaran gaskiya shi ne a sauya duka, kuma yana da tsada. Sai a bi gajeriyar hanya: a yanke jakar da ta fashe, a liƙe murfin sitiyari da gam a fesa masa fenti, a soka ɗan rasista mai om 2 da ɗigo 2 a bakin soket don akwatin ya ɗauka jaka tana nan, a goge labarin karon da kwamfuta. Wanda bai kai nan ba sai ya zare ƙwan fitilar, ko ya rufe ta da baƙin salatif ta bayan gilashi, ko ya haɗa ta da fitilar man injin don su kama tare su mutu tare.

Ban ga sunan da ya dace da wannan ba sai ha'inci. Mai sayar da buhun gero da ya zuba tsakuwa a ƙasa, asarar kuɗi ya jawo wa mai saye. Wanda ya sayar da sitiyari fanko a matsayin mai jaka, ya sa mutum ya dogara da kariyar da babu ita, kuma ranar da za a gane babu damar komawa a yi ƙorafi. Amma adalci ne a faɗa cewa ba mai wayarin kaɗai ke da alhaki ba. Sau da yawa mai motar ne zai zo da kansa ya ce, maigida, kashe mini wannan fitilar tana damuna. Mai wayarin da ya ce sai an sayi sabuwar wayar sitiyari, ya san gobe motar tana garejin maƙwabcinsa.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi ba da mugun nufi ba. Mai wankin mota ya sa tiyo a cikin mota, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin kafet inda akwatin yake. Mai walda ya yi aiki a jikin mota bai cire batir ba. An cusa kaya a ƙarƙashin kujera ranar kasuwar Shinkafi, sun fizge soket. An ƙera ƙaton ƙarfe an ɗaura a gaban mota don kare fitilu da lagireto, alhali ma'aunin da ke cikin kwamfutar an gina shi ne a kan yadda hancin motar na asali ke lotsewa, ƙarfen kuwa yana sauya yadda bugun ke isa ga sansa. Ko mai wayarin ya ɗauki mita ko ƙwan gwaji ya soka a wayar jaka kai tsaye, abin da kan iya tayar da ita a fuskarsa.

Wani haɗarin kuma daga masana'anta ya taso. Kamfanin Takata na Japan ya yi shekaru yana cika tukwanen jakarsa da amoniyam naitiret, sinadarin da zafi da laima ke lalatawa a hankali. In ya lalace yakan ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, tukunyar ta tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su nufi wuya da fuska. An janye jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, fiye da mutum 25 sun mutu a can, kamfanin ya amsa laifi a kotu ya kuma durƙushe a 2017. Motocin da abin ya shafa su ne namu na yau da kullum, Honda da Toyota da Nissan da wasunsu na shekarun 2000, kuma Accord da Civic na 2001 da 2002 suna cikin waɗanda aka ce kada ma a tuƙa su sai an sauya. Motar da ke kwana a rana a Ƙauran Namoda, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, sannan ta sha laimar Agusta shekara bayan shekara, ita ce ainihin wadda ake tsoron. Wasiƙar kamfani ba za ta iso Zurmi ba, kuma fitila ba ta ganin wannan ciwo, domin layin wutar lafiya yake. Abin da ke hannun mai mota shi ne lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba. In motar daga Amurka ta fito, shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, a intanet yana nuna kyauta ko akwai kiran gyara daga kamfani da ba a amsa ba a kanta, kuma neman lambar a intanet kan fito da hotunan motar a filin gwanjo, da jakunkunanta a waje in sun fashe.

Duk wannan bayani yana tsaye ne a kan bel. Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai maɗauri uku a 1959, kuma har yau babu abin da ya kai shi: binciken Amurka ya nuna yana rage haɗarin mutuwa ga wanda ke gaban ƙaramar mota da kusan kashi 45 cikin ɗari, jakar gaba kuwa tana rage mutuwar direbobi a karon gaba da kusan kashi 29. An auna jakar ne a kan mutumin da bel ya riƙe, wanda ƙirjinsa ke da tazarar santimita 25 daga sitiyari. Wanda bai ɗaura ba, birki kaɗai zai tura shi bakin murfin, jakar ta same shi tun tana fitowa da dukkan ƙarfinta. A Amurka an ƙididdige mutum sama da 290 da jakar ta kashe tsakanin 1990 da 2008 a ƙananan haɗurra, akasarinsu yara da waɗanda ba su ɗaura bel ba. A daidai wannan ƙasa an ƙiyasta ta ceci fiye da rai 50,000 daga 1987 zuwa 2017.

A nan ne al'adarmu ta mutum biyu a kujerar gaba ta zama babbar matsala. Bel ɗaya ne, ba ya ɗaure mutum biyu, don haka ba wanda ke ɗaurawa. Ɗaya yana manne da dashbod, ɗaya rabin jikinsa a kan giya, wani lokaci da yaro a cinya. Na ji direbobin da ke cewa gara a cire jakar ma tunda haka ake lodi, kuma ta wata fuska maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma sun kama ta ta wutsiya. Cire jakar bai hana mutanen nan biyu fita ta gilashi ba. Na san lissafin direba ya ƙara tsanani tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kuma kujerar nan ta ƙari ita ce cefanen gidansa. Shi ya sa ba direba ɗaya zai iya dainawa ba, sai ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ta tsayar da doka ɗaya da kuɗin mota ɗaya, fasinja kuma ya yarda ya ƙara wani abu. Tun Janairun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke tilasta ɗaura bel, amma bel ɗin da ake yafawa a kafaɗa in an hango shinge ba ya kare kowa, wanda aka soka ta bayan kujera kuwa don ƙarar gargaɗi ta yi shiru, yana ma yaudarar kwamfutar ne ta ɗauka mutum a ɗaure yake. Wanda ya ce kwana in ya ƙare ya ƙare, gaskiya ya faɗa, sai dai malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma shi kansa yana duba birki kafin ya ɗauki hanya.

Ilimin gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan cikin Ƙauran Namoda tun 1983, tana koyar da injiniyancin lantarki. Horon 'yan makonni ga masu wayarin na ƙananan hukumomin nan uku, tare da ƙungiyarsu ta makanikai, kan karanta lambar matsala da na'urar gwaji, sauya wayar sitiyari, da taɓa jaka ba tare da rauni ba, zai gyara fitilu masu yawa da ake kashewa don rashin sanin abin yi, domin sau da yawa ciwon bai wuce soket da ya saki ba. Jami'an duba lafiyar motoci kuma su sa fitilar cikin abin da suke dubawa, kamar yadda ake yi a Ingila wajen gwajin shekara-shekara.

Kai kuma mai shirin sayen mota, kafin ka biya, murɗa makulli kada ka tayar da injin, ka zuba wa fitilar ido. Ta kama, ta mutu ita kaɗai bayan 'yan sakanni, sauran fitilun na kunne. In sai da injin ya tashi ta mutu tare da ta mai, a buɗe bayan dashbod a gabanka. Ka duba murfin sitiyari ko akwai alamar gam ko sabon fenti, ka ja kowane bel ka ga yana komawa, ka nemi lambar shasi a intanet. Tunda rasista kan ruɗi fitilar kanta, ka je da mai wayarin da ka amince da shi ya cire batir ya duba da idonsa cewa jakar tana nan. In dillali ya hana, bar masa motarsa.